WAI BAI TAƁA FAƊUWA ZAƁE BA? A ƊAUKO FAYIL ƊIN AHMAD LAWAN MU DUBA

Tun da aka fara kaɗa gangar 2027, sojojin bakan Sanata Ahmad Ibrahim Lawan suka dawo da karatunsu na kullum. Wai Sardaunan Bade zaɓe bakwai ya ci a jere, bai taɓa shan ƙasa ba, babu mai gogewarsa a majalisa, kuma duk wanda ya ce uffan to hassada ce ke cin sa. To madalla. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da katin kowace jam'iyya, ƙa'idar aiki ma ta ce kar a gan mu a filin kamfe. Amma ina da katin zaɓe, kuma rumfar da nake kaɗa ƙuri'a tana cikin Yobe ta Arewa. A ofis kuwa abin da aka koya mana shi ne, in za a ƙara wa mutum girma ba a tambayar abokansa, fayil ɗinsa ake ɗaukowa a buɗe. Don haka a ɗauko fayil.

Shafin farko babu gardama a kai. An haife shi a Gashuwa a 1959, ya karanta ilimin taswirar ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Ingila. A 1999 ya shiga Majalisar Wakilai yana wakiltar Bade da Jakusko, ya maimaita a 2003. A 2007 ya haye Majalisar Dattawa, ya koma a 2011, 2015, 2019 da 2023. Ranar da wannan zangon zai ƙare a watan Yunin 2027, zai kasance ya yi shekara 28 cur a Majalisar Tarayya. Yaron da aka raɗa wa suna a Nguru ranar da aka fara rantsar da shi, yau doka ta ba shi damar neman kujerar Majalisar Wakilai, tunda tun 2018 aka sauko da shekarun zuwa 25.

Sai dai maganar "bai taɓa faɗuwa ba" akwai gyara a cikinta. Ranar 9 ga Yunin 2015 shi ne ɗan takarar da jam'iyyar APC ta tsayar don shugabancin Majalisar Dattawa. Suna can babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa a Abuja suna jiran ganawa da shugaban ƙasa, Bukola Saraki ya shige zauren majalisa ya ɗauke kujerar. A watan Yunin 2022 kuma, a zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, duk da shugaban jam'iyya na lokacin Abdullahi Adamu ya sanar da shi a matsayin ɗan takarar maslaha, ƙuri'a 152 ya samu. Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, shi ya zo na huɗu. Faɗuwa ba abin kunya ba ce a siyasa, marigayi Buhari ma sau uku ya sha ta kafin ya kai. Amma in za a yi mana lissafi a yi shi cikakke.

Sannan duk wanda ya san Yobe ya san inda ake cin zaɓe. Tun 1999 gida ɗaya ke mulkin jihar, suna kawai ake sauyawa: APP ta koma ANPP, ANPP ta narke cikin APC. Bukar Abba Ibrahim, Mamman Ali, Ibrahim Gaidam, Mai Mala Buni, duk zuri'a ɗaya ce. A shiyyarmu ta Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari, wanda ya riƙe tikitin wannan gidan ya gama kashi mafi yawa na aikin. Kenan ainihin kokawar a wajen tikiti take. To yaya aka samu tikitin ƙarshe?

A nan nake so masu sharhi su ɗan nutsu, don na lura da yawa daga cikin masu zagin mutane a kan wannan magana ba su san yadda ta gudana ba.

Ranar 28 ga Mayun 2022 APC ta yi zaɓen fid da gwani na sanatan Yobe ta Arewa, jami'an INEC suna wurin. Sardauna bai shiga ba, hankalinsa na kan kujerar shugaban ƙasa. Bashir Sheriff Machina ne ya tsaya, daliget 289 suka zaɓe shi. Da aka watse daga dandalin Eagle Square ba a samu abin da aka je nema ba, sai aka ce wai an sake wani zaɓen ranar 9 ga Yuni, kuma Lawan ne ya ci. Aka nemi Machina ya janye, ya ce faufau. Jam'iyya ta aika sunan Lawan, INEC ta ƙi sakawa, da ta fitar da jerin sunaye aka ga gurbin APC na Yobe ta Arewa fayau babu kowa. Ranar 28 ga Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu ta ce Machina ne halastaccen ɗan takara. Washegari Sanata Lawan da kansa ya fitar da sanarwa cewa ya karɓi hukuncin, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Wallahi a ranar mutane da yawa sun yaba masa, har da waɗanda ba sa yin sa. Amma jam'iyya ta ɗaukaka. Ranar 28 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar wa Machina. Jam'iyya ta wuce Kotun Ƙoli.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023, saura ƙasa da mako uku a yi zaɓe, alƙalai uku cikin biyar suka ba APC gaskiya, marigayi Mai Shari'a Centus Nweze ne ya karanta hukuncin masu rinjaye. Da wace hujja? Ga ta a sauƙaƙe. Hanyar shigar da irin wannan ƙara iri biyu ce. Akwai wadda ake miƙa takardu da rantsuwa kawai a nemi kotu ta fassara doka, akwai kuma wadda ake kiran shaidu a yi musu tambayoyi. Alƙalan uku suka ce tunda Machina ya yi zargin zamba a cikin takardunsa, hanya ta biyu ya kamata ya bi, shi kuwa ta farko ya bi, saboda haka ƙararsa ta rushe. Sauran biyun, Adamu Jauro da Emmanuel Agim, suka ƙi yarda. Suka ce Lawan bai shiga zaɓen 28 ga Mayu ba, ba a soke wancan zaɓen ba, kuma na 9 ga Yuni ya saɓa wa Dokar Zaɓe.

Ku ƙirga da kanku. Ƙara ta rushe ne a kan ƙofar da aka bi aka shigo da ita. Kotun Ƙoli kotun daga-ke-sai-Allah-ya-isa ce, hukuncinta ya zauna, ni ma ban isa in ce ba doka ba ne. Amma abin da ya halasta a takarda daban, abin da za a yi alfahari da shi daban. Mutumin da ya ce ya haƙura, ya zauna shiru jam'iyya na yi masa shari'a har zuwa ƙarshe, sannan ya miƙa hannu ya karɓi tikitin, bai kamata yaransa su dinga cika mana kunne da cewa jama'a ce ta matsa masa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar da aka tsallake ɗin tasu ce. Dokar Zaɓe ta 2022 majalisar da Lawan ke shugabanta ce ta yi ta, Buhari ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Ita ce ta ce sai jam'iyya ta ba INEC sanarwar kwana 21 kafin taron fid da ɗan takara, ita ce ta ce sai hukumar ta sa ido, ita ce ta ce jam'iyyar da ta saɓa ba za a saka ɗan takararta ba. Ko wata huɗu ba a yi da sa hannun ba mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kuma ba shi kaɗai ba, Godswill Akpabio ma da ya janye wa Tinubu a dandalin, ta Kotun Ƙoli ya karɓo tikitin Akwa Ibom a watan Janairun 2023. Ɗaya ya sauka daga kujerar shugaban majalisa, ɗayan ya hau.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Za a ce ai ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku ne ya ci jihar Yobe a zaɓen shugaban ƙasa, amma a rana guda mutanen Yobe ta Arewa suka zaɓi Lawan da rata mai yawa, kenan son sa ake yi. Na yarda yana da jama'a, ƙarya ne a ce ba shi da su. To in haka ne me ya hana shi zuwa gaban daliget ranar 28 ga Mayu? Mai irin wannan farin jini ai da ya share Machina kafin la'asar. Ya zaɓi ya nemi babba, babba ta kuɓuce, sai aka dawo aka ƙwace ƙaramar daga hannun wanda ya sha rana ya same ta. Ba na ce Machina waliyyi ba ne, ba kuma na ce da ya je zai fi shi aiki ba. Cewa nake tikitinsa ne.

Mu bar zaɓe mu koma kan gogewa, tunda ita ce hujjar da ake ba mu ta barin mutum ɗaya a kujera kusan shekara talatin. Ni ban ƙi wannan hujjar ba. Kundin tsarin mulki ya iyakance wa shugaban ƙasa da gwamna zango biyu amma bai iyakance wa ɗan majalisa ba, kuma akwai hikima a ciki: tsohon ɗan majalisa ya san dabarun ɓangaren zartarwa, minista ba zai yi masa wasa da hankali ba, ya san inda ake ɓoye ɓarna a cikin kasafin kuɗi. Amfanin daɗewa kenan. To ranar 11 ga Yunin 2019 Allah ya ba shi guduma, ya kayar da Ali Ndume da ƙuri'a 79 da 28. Me gogewar ta yi mana?

Wata biyar da hawansa, a Nuwambar 2019, ya shaida wa tawagar Farfesa Itse Sagay cewa duk buƙatar da ta fito daga shugaban ƙasa buƙata ce da za ta gyara Najeriya, kuma majalisa za ta yi gaggawa a kanta. Jama'a, a ce odita ya shigo ma'aikatarku ya sanar tun daga bakin ƙofa cewa duk baucan da Babban Sakatare ya sa wa hannu mai kyau ne, to me ya zo yi? Ya koma gida a daina biyan sa alawus mana. Daga nan sunan 'yan amshin shata ya kama majalisa ta tara, kuma ba 'yan adawa ne suka laƙa mata shi don ƙiyayya ba, da aikinta ta saye shi.

A Nuwambar 2016 majalisa ta takwas ta mayar wa Buhari buƙatar bashin kusan dala biliyan 30 saboda ba a haɗo da cikakken bayani ba. A Maris na 2020 majalisar Lawan ta amince da dala biliyan 22.7 daga cikin wannan tsarin. Harajin VAT a hannunta ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. A 2020, sojoji na mutuwa, manoma na mutuwa, har aka yi yankan Zabarmari, majalisar ta yi ta zartar da ƙudurin a sauke hafsoshin tsaro. Da aka sauke su a Janairun 2021 sai aka aiko da sunayensu a matsayin jakadu, kuma wannan majalisar da ta ce sun gaza ita ce ta tantance su ta amince cikin 'yan makonni. Sau ɗaya da aka ce ta nuna ƙashin baya shi ne da ta ƙi Lauretta Onochie a matsayin kwamishinar INEC a Yulin 2021. A Disambar 2022 ita dai wannan majalisar ta tabbatar da ita shugabar hukumar raya yankin Neja Delta.

Har dokar zaɓen da na ambata, sai da aka gama sa hannu sannan suka farga cewa sun cire manyan daliget daga zaɓen fid da gwani, wato shugaban ƙasa da gwamnoni da su kansu 'yan majalisa. A watan Mayu suka yi gyaran gaggawa suka aika, Buhari ya ƙi sa hannu. Shekara 23 na gogewa a kan kujerar shugaba, amma aka yi dokar da ta hana masu yin ta kaɗa ƙuri'a ba su sani ba. Ƙaramin ma'aikaci ya yi irin wannan a daftarin sakula, takardar tuhuma ce za ta riga shi isa tebur.

Amma duk waɗannan wasa ne a kan maganar bashin Babban Banki. Dokar CBN ta 2007, sashe na 38, ta ce in kuɗin shiga ya yi jinkiri banki zai iya ranta wa gwamnatin tarayya, amma kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da ta tara a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Rance ne na toshe ɓaraka, irin wanda ma'aikaci ke karɓa wajen mai kanti kafin albashi ya shigo. A haka aka yi ta ɗiba shekara da shekaru har ya kai naira tiriliyan 22.7. Kwamitocin majalisa na nan, ana zaman kare kasafi duk shekara, babu wanda ya taka birki. Sai a Disambar 2022 aka kawo wa majalisa ta wanke shi ta mayar da shi bashin shekara 40 da ruwan kashi 9. Sanatoci suka yi ca, suka ce a kawo bayanin inda kuɗin suka tafi, zaman ya hargitse. Aka kafa kwamiti. Ranar 3 ga Mayun 2023, saura kwana 26 gwamnati ta sauka, aka buga guduma aka amince. Bai isa ba, ranar Asabar 27 ga Mayu, saura kwana biyu a miƙa mulki, aka kira zaman gaggawa aka ɗaga wancan kashi 5 ɗin zuwa 15. An kama mutum ya haura katanga, sai aka yanke shawarar a rage tsawon katangar.

A Fabrairun 2024, da tsadar rayuwa ta kai intaha, majalisa ta goma ta kafa kwamitin binciken wannan bashin. A zauren aka ji daga bakin waɗanda aka yi da su cewa an amince ne bisa alƙawarin za a kawo bayani daga baya, bayanin kuma bai zo ba. Ihu bayan hari. Ban ce Sanata Lawan ya ci ko kwabo a ciki ba, ba ni da wannan hujjar kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba. Abin da na ce shi ne, shi aka ba gadin ƙofar. A alƙaluman ofishin kula da basussuka, bashin ƙasa yana kan naira tiriliyan 25.7 a watan da ya hau, ya kai 87.38 a ƙarshen watan da ya sauka. Wani ɓangare na wannan tsallen faɗuwar darajar naira ce ta jawo, amma tiriliyan 22.7 ɗin nan da gudumarsa suka shiga littafi. Kuɗin da aka ƙirƙira ba tare da an noma ko an ƙera komai ba kuwa a kasuwa ake biyan su. Mu masu jiran ƙarshen wata mun biya a kwanon shinkafa da kuɗin makaranta, kuma 'ya'yanmu za su ci gaba da biya har su ma su yi furfura.

Za a ce ai a zamaninsa aka yi dokar man fetur ta PIA a 2021 bayan ta yi shekara da shekaru tana yawo, kuma aka dawo da kasafin kuɗi daga Janairu zuwa Disamba. Gaskiya ne, kuma duk ma'aikaci ya san daɗin kasafi ya fito a kan lokaci. Sai dai duka biyun abubuwa ne da fadar shugaban ƙasa ke so. Ba a gane ƙarfin majalisa a ranar da ra'ayinta ya zo ɗaya da na shugaba. A nuna mini rana ɗaya da batun kuɗi ne, fada ta ce e, Lawan ya ce a'a kuma ya tsaya a kai.

A gida kuma abin da aka fi kafa hujja da shi shi ne ya sama wa yaranmu aiki. Allah ya saka da alheri, duk gidan da aka samu mai albashi an rage wani nauyi. Amma mu da ke cikin aikin mun san yadda ake yi. Na zauna a ofis an kawo sababbin ma'aikata babu talla babu jarrabawa, sai dai a raɗa maka cewa wannan na wane ne. Ga kowane yaro ɗaya da ya shigo ta wannan hanya akwai wasu da yawa da suka fi shi sakamako suna tuƙa Keke Napep, laifinsu kawai babu wanda ya san ubansu. Aikin ɗan majalisa ne ya hana wannan tsarin, mu kuma muna tafa masa saboda ya iya cin gajiyarsa. Ciwon ƙoda kuwa da ya addabi Gashuwa da kewaye, wanda babu unguwar da ba ta yi zaman makoki a kansa ba, ya girmi zamansa a kujerar mutum na uku a ƙasa kuma yana nan bayan ya sauka. Kachalla na nan ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru, masunta da manoman shinkafa na kuka. Rairayi na nan yana cin gonaki a Yusufari. Mutumin da ya yi digirin digirgir a kan nazarin ƙasa daga sama, ya riƙe gudumar da kasafin ƙasa huɗu suka bi ta ƙarƙashinta, ai waɗannan ne ya kamata a ce da sunansa ake tuna maganinsu.

Mu a aikin gwamnati, shekara 35 kana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, za ka tattara takardunka ka miƙa makulli, ko da kai ne ka fi kowa sanin aikin. Sanata Lawan ya cika 60 a Janairun 2019, wata biyar kafin ya zama shugaban majalisa. Doka ba ta ce ya yi ritaya ba, ni ma ban ce ba. Yana da 'yancin ya nemi duk kujerar da yake so a 2027. Abin da nake nema a matsayina na mai ƙuri'a a shiyyar guda biyu ne. Ya zo Gashuwa ko Nguru ya tsaya gaban jama'a, ba a taron rabon kaya ba, ya yi mana bayanin me ya gani a takarda kafin ya buga guduma ranar 3 ga Mayu. Sannan duk kujerar da zai nema, ya sayi fom ɗinta ita kaɗai, ya zo filin fid da gwani a ranar da aka sanar, INEC na kallo, a ƙirga a gaban kowa.

Masu zuwa sharhi, don Allah wanda zai musa ya kawo rana da adadi kamar yadda na kawo. Wanda kuma zagi ya kawo shi, ya bar iyaye a gefe.